Matoshin da Na Yanke wa Igiya

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Mansur, fankar da ya gyara da hannunsa tana juyawa a kansa. Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa. Sai da muka kwana biyu muna zirga-zirgar takardu kafin aka ba mu shi, aka sallace shi a Masallacin Ka'aba bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa.

Aka jera kujeru a lungunmu don zaman makoki. Ni ne ɗan ƙanwarsa, shi kuma Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka ni aka tsayar a bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, ina zuba wa mutane gahawa. Tsofaffin abokansa Sakkwatawa da Damagarawa suka zo suna dogara sanda. Samarin nan haifaffun Makka, waɗanda Hausarsu ta sha Larabci har ta gaji, suka zo suna cewa, "Allah yarhamu, Baba mutum ne ɗayyib." Har wani maƙerin kwano ɗan Fakistan da suka yi aiki tare tun ban zo ƙasar ba, ya zo ya zauna yana share hawaye da gefen rawaninsa.

Maƙwabcinmu, dattijon da suke salla sahu ɗaya da Kawu, shi ya fara faɗar maganar da ta hana ni sakat.

"Wallahi duk Makka ba wanda ya san hanyar iska kamar mu'allim," in ji shi, yana nufin Kawu. Sai ya rage murya. "In ban da wancan gida na Aziziyya. To, ɗan Adam ne. Tsufa ne ya zo masa da mantuwa."

Mutum uku suka maimaita wannan magana a ranar farko, kowa da irin tausayinsa. Wani ma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kam Allah Ya yi maka albarka. Da mutane suka guje shi, kai ba ka guje shi ba." Na ce amin.

Ba mantuwar Kawu ba ce. Aikina ne. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan magana a ciki, ga shi ana shirin binne sunansa da ita kamar yadda aka binne jikinsa. Saboda haka nake wannan rubutu, kuma ina yinsa ne kaina a ƙasa.

Bari in yi wa wanda bai san sana'armu ba bayani. Sababbin gidajen Makka ba sa maƙala mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a taga irin namu na Mansur. Babban inji ake ɗorawa a saman gini, sai bututun kwano ya ɗauko sanyin, ya bi ta cikin silin, ya rarrabu ɗaki-ɗaki. In akwai huda, ko wata mahaɗa ba ta kama ba, sai sanyin ya tsiyaye a cikin silin, ƙadangaru su sha daɗi, mai gida yana ƙasa yana zufa. Aikinmu shi ne, kafin a miƙa gida, mu toshe bakin kowane bututu, mu hura iska ciki da fanka, mu duba agogon gwaji. In allura ta tsaya inda injiniya yake so, bututu lafiya lau. In ta ƙi kaiwa, akwai yoyo, sai a tashi nemansa.

A neman yoyon nan ne ba wanda ya kama ƙafar Kawu. Ba ya karatun boko, Larabcinsa ma na kasuwa ne, amma yana da kasko da turaren wutar Inna, matarsa. Sai ya zuba turaren a garwashi, ya ajiye kaskon a bakin fanka, hayaƙin ya shige bututu. Shi kuma ya cire takalmi, ya riƙa bin gidan a hankali yana ɗaga hanci. Inda ya ji ƙamshi ya fito, nan zai jiƙa bayan hannunsa da ruwa ya miƙa sama, ya ce, "Ga ta nan." Wani injiniya da ya fara ganin haka ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ya hajji, amarya za a kawo ne?" Kawu bai kula shi ba. Kafin azahar ya nuna masa huda bakwai, daga ranar injiniyan nan ba ya karɓar gida sai ya tambaya ko mai turare ya bi ta ciki.

Yakan ce mini, "Agogon nan naku zai gaya maka an yi sata, amma ba zai nuna maka tagar da aka bi ba. Hanci Allah Ya ba ka, yi amfani da shi."

Sai matosansa. Kowa a sana'ar yana toshe bakin bututu da leda da salatif, ban da Kawu. Duk bayan Hajji yakan je ya tattaro fararen tawul ɗin harami da alhazai suka zubar, Inna ta wanke su tas, ta naɗe soso da su, ta ɗinke, kowane da girman bututunsa. A jikin kowane matoshi tana ɗinka jar igiya mai tsawon kamu biyu. In an cusa matoshi, igiyar tana waje tana lilo, ko daga bakin ƙofa za ka hango ta.

"Duk abin da ka toshe, ka bar masa wutsiya a waje," haka yake cewa. "In kai ka manta, ita ba za ta manta ba." Ran da ya fara miƙa mini jakar kuwa, sai da ya riƙe ta bai saki ba, ya ce, "Ɗan nan, tufar nan ta tsaya Arfa. Kada ka sa ta aikin ha'inci."

Ban ce Kawu mutum ne mai sauƙi ba. Yana da zafi, kuma yabo a bakinsa ya fi ruwan sama wuya a garin nan. A watana na biyu na liƙe wata mahaɗa da salatif maimakon in shafa mata danƙo yadda ya koya mini. Ya zo ya ɓalle ta a gaban ma'aikata, ya ce, "Wannan aikin wa? Mai shi ya zo ya ɗauki kayansa." Na yi fushi, na ce ba bawa na zo yi ba. Kwana biyu ba ya mini magana, ni ma na ɗaure fuska. A rana ta uku da safe sai na tarar da ƙullin masa mai zafi a kan akwatin kayan aikina, daga wajen matar nan mai suya a bakin titin Mansur. Bai ce shi ya ajiye ba, ni ma ban tambaya ba. Iyakar ban-haƙurin Kawu ke nan.

Yana da ciwon suga, Inna ta kafa masa doka a kan shayi. Sai ya riƙa ɓoye ƙwayoyin suga a aljihun jakar matosai. In mun zauna hutu a kangon wani gida, ya jefa uku a kofi, ya kalle ni ya ce, "Ka ga wani abu?" In ce ban gani ba. Ya ce, "Madalla, idonka lafiya."

Shi ya kawo ni ƙasar nan. Tun yana saurayi ya zo aikin Hajji ya zauna, bai taɓa mallakar igama ba, wato takardar zama, bai kuma sake ganin mahaifiyata ido da ido ba, sai dai waya duk Juma'a. Amma da ta kai masa kukan cewa ina zaune ba aikin yi, ga mata ga 'ya'ya biyu, shi ya bi ya roƙi wani ɗan kwangila har ya zama kafilina, ya ɗauki nauyin takarduna. Mutumin da ba shi da takarda shi ya samo mini takarda. Da na iso ya bar mini katifarsa, ya koma kwana a tabarma wata uku, yana cewa wai bayansa ya fi son ƙasa.

To, ga yadda na saka masa.

Wani sabon gida ne a Aziziyya, hawa uku, saura sati uku Hajji. Mai gidan ya riga ya yi alkawari da masu saukar alhazai, don haka kowa a guje yake. Muka toshe bututu, muka kunna fanka da ɗan janareta, allura ta ƙi kaiwa. Kawu ya kunna turarensa ya bi gidan, har ya tsaya a hawa na uku, a barandar da ke kaiwa ɗakin ƙarshe. Ya ce yoyon yana cikin reshen da ke kai sanyi wannan ɗaki. Matsalar ita ce masu silin sun riga sun rufe wajen, sun yi masa ado, an ma shafa fenti.

"A fasa," in ji Kawu.

Kafilina ya ce ba za a fasa komai ba, gobe injiniya zai zo karɓar gida. Suka yi ta musu, Kawu ya ce shi dai ya faɗi abin da hancinsa ya ji, ya tafi masallaci sallar azahar. Sai mutumin ya ja ni gefe. Bai yi mini tsawa ba. Cewa kawai ya yi, "Igamarka wata mai zuwa take ƙarewa, ko? Ina so gobe allurar nan ta tsaya." Ya shiga motarsa ya tafi.

Akwai wata 'yar ƙofar leƙe da aka bari a silin, daidai inda reshen ya rabu da babban bututu. Na ɗauki matoshi ɗaya daga jakar Kawu, na hau tsani, na zura hannu har kafaɗa, na cusa shi a bakin reshen. In iska ba ta shiga reshen ba, ai ba za ta yoyo ba. Sai jar igiyar ta sauko tana lilo a gaban fuskata. Na ciro wuƙata na yanke ta daga tushe, na cusa guntun a aljihu.

Da Kawu ya dawo, allura ta tsaya cak. Ya kalle ta, ya kalle ni. Na ce masa na zura hannu ta ƙofar leƙe na taɓo hudar, na shafe ta da danƙo. Ya ce, "Hannunka ya fi nawa tsawo. Allah Ya yi maka albarka." A shekarun da muka yi tare, wannan ne karo na farko da ya yaba mini aiki.

Washegari injiniya ya zo, ya duba, ya sa hannu. Muka bi ɗakuna muna jan jajayen igiyoyi. Kawu ya zuba matosai a ƙasa ya duba su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, ya ce ɗaya babu. Na ce wataƙila masu shara sun haɗa da shi. Tsohon nan ya fita cikin ranar Makka, ya yi ta tona tulin sharar gini da hannunsa, ni ina tsaye a inuwa ina kallonsa. Da ya gaji ya share fuska ya ce, "Ko dai a gida na baro shi? Kai, tsufa."

Na yi niyyar in cire matoshin, Allah ne shaidata. Amma kafin yamma masu silin sun rufe 'yar ƙofar nan sun shafe ta, gidan kuma ba a ja masa wuta ba tukuna, balle a kunna inji a gane. Hajji ya matso, bincike ya yi tsanani a hanyoyin Aziziyya, marasa takarda irin Kawu duk suka koma gida suka lafe. Sai Kawu ya kira ni ya ce, "Zuciyata ba ta kwanta da gidan nan ba. Ran da aka kunna inji, ka je ka sa hannu a bakin bututun kowane ɗaki."

Na je har ƙofar gidan. Na ga motocin alhazai suna sauke kaya. Na san in na yi magana sai an fasa silin, in an fasa kuwa sai an tambayi wanda ya toshe. Na juya. Na gaya wa Kawu kowane ɗaki sanyi kamar firji. Ban manta ba, jama'a. Da mantuwa ce da na sami inda zan ɓuya.

Hajjin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Ɗakin ƙarshen nan wasu tsofaffin mata daga gida aka sauke a ciki, Hausawa 'yan'uwanmu. Sun yi ta ƙorafi, ana ce musu a yi haƙuri, inji sabo ne. Ɗaya daga cikinsu zafi ya kayar da ita, aka kwashe ta zuwa asibiti. Matar da wataƙila ta yi shekara da shekaru tana burin tsayuwar Arfa, a kwance cikin motar asibiti ta yi ta. Ta rayu, ta koma gida. Ban san sunanta ba har yau.

Bayan Hajji mai gidan ya sa aka fasa silin. Ya zo har Mansur, ya tarar da Kawu zaune cikin mutane a bakin shagon mai kwano, ya jefa masa matoshin a ƙafa. Ba sai an tambaya ba, duk mai sana'ar nan ya san ɗinkin Inna. Ya zazzaga masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ina tsaye a wajen.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki matoshin, ya kakkaɓe shi, ya juya shi a hannu. Na ga babban yatsansa ya tsaya a kan tushen igiyar, inda wuƙata ta bi. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, kallon bai fi ƙiftawar ido ba. Sannan ya juya wajen mai gidan.

"Nawa ne," ya ce. "Mantawa na yi. Ka yi haƙuri."

Ni kuwa na yi shiru. Bakina yana nan, harshena lafiyarsa ƙalau, na yi shiru.

Daga ranar ba ɗan kwangilar da ya sake kiran Kawu. Labari ya bazu cewa mai turare ya tsufa, hankalinsa ya fara tafiya. Ya koma gyaran fanka da tsofaffin mukayyif a ƙofar ɗakinsa. Ni kuma aka sabunta mini igama, har aka ɗora ni a kan wasu ma'aikata.

Shekara huɗu ina zuwa gidansa duk Juma'a. Na kai shinkafa, na kai magani, na kai shi asibiti a motata. Ba abin da ban kai masa ba sai magana ɗaya. Matoshin nan kuwa ya rataye shi a ƙusa bayan ƙofa, daidai saman inda nake zama, an sa masa sabuwar jar igiya tana saukowa har kusa da kafaɗata. Na ɗauka ya rataye shi ne don ba shi da inda zai kai shi. Kullum ina ganinsa, sai in gyara zama in ba shi baya.

Sau ɗaya na kusa. Yana cikin gyaran wata fanka, na ce, "Kawu, akwai maganar da nake so mu yi." Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya ce, "Ina jin ka, ɗan nan." Na kalli fuskarsa, sai na ji kaina ina cewa mahaifiyata ce take gaishe shi. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ina amsawa," ya koma kan fankarsa.

A rana ta uku ta makoki, bayan la'asar, kujeru sun cika, dattijon maƙwabcinmu ya sake ɗauko zancen gidan Aziziyya, yana roƙa wa Kawu gafara a kan tsohuwar nan. A nan ne na kasa. Na ajiye butar gahawa, na tsaya a tsakiyar lungu, na faɗi duk abin da na rubuta a nan, da tsani, da wuƙa, da inuwar da na tsaya a ciki. Muryata ba ta fita sosai, amma an ji.

Dattijon ya ce, "Haba! Haba, ɗan nan!" Maƙerin nan ɗan Fakistan ya tambayi me aka ce, wani saurayi ya fassara masa da Larabci. Ya tashi ya sa takalminsa ya wuce ta gabana bai miƙa mini hannu ba. Wanda ya sa mini albarka ranar farko ya sunkuyar da kai, kamar shi ya yi laifin. Ban ga laifin kowa ba.

Sai aka ce Inna tana kira. Na durƙusa a bakin labulen ɗakin da take takaba. Hannunta ya fito ta ƙasan labulen, ta turo mini matoshin.

"Ni na ɗinka igiyar farko," ta ce. "Ɗinkina ba ya tsinkewa. Ran da ya shigo da shi na ce masa wuƙa ce ta yanke wannan, kuma na san mai wuƙar. Na ce zan kira uwarka in gaya mata. Ya hana ni. Ya ce kai kana da takardar da za a ƙwace, shi ba shi da ita."

Na ce, "Inna, to me ya sa ya rataye shi a kaina?"

"Shi ya ce in ɗinka masa sabuwar igiya. Ya ce abin da ka toshe kai za ka buɗe, shi dai ya bar maka wutsiya a waje. Duk Juma'a in ka tafi sai ya kalle ta ya ce, yau ma bai ja ba."

Na kifa goshina a ƙasa. Na ce, "Ya yafe mini?"



"Ban sani ba, ɗan nan. Kai yake jira ka tambaye shi."

Washegari na koma maƙabarta. Kaburburan Makka ba a rubuta musu suna, dutse ne kawai a kai, kowane kamar ɗan'uwansa. Na bi layin da nake zaton nan muka sa shi, na kasa tantance wanne ne nasa. Na tsaya a tsakani na yi tambayata da ƙarfi, matoshin yana hannuna, rana tana dukana.

Ya Allah, Ka yalwata wa Kawu kabarinsa, Ka sanyaya masa shi fiye da duk ɗakin da ya sanyaya wa bayinKa. Hajiyar da ta yi Arfa a kwance, in tana raye ko wani nata ya ga wannan, ni ne, ba tsohon ba, kuma ina neman afuwa. Ku kuma da kuka ji labarin gidan Aziziyya a shago ko a masallaci, kuka ba wani, don Allah ku koma ku gyara masa. Kawu bai taɓa manta matoshi a bututun kowa ba.